Makashi a Kujerar Malamin Tuƙi: Yadda Na Gina Tauraron Littafina

Tauraron littafin da na kammala malamin koyar da tuƙin mota ne, ɗan shekara 46, da mata da 'ya guda, kuma ya kashe mutum shida cikin shekara tara. Shi ke ba da labarin da bakinsa. Sana'ar na fara zaɓar masa tun kafin suna, saboda motar koyon tuƙi birki biyu gare ta. Ɗalibi yana riƙe da sitiyari yana ganin shi ke jan motar, alhali ƙafar malam tana kan birki na biyu, duk sa'ad da ya ga dama ya taka. Mutumin da ya daɗe a wannan kujera ya saba da mutane su zo masa a tsorace, su miƙa masa ransu na awa guda, su biya shi, su kuma yi masa godiya. Kowa na yabon haƙurinsa. A nan na ga zan iya ɓoye mai kisan ɗauki ɗai-ɗai ba tare da na sa masa baƙar riga ko jan ido ba.

Kafin in rubuta layi ɗaya, sai da na zauna da bayanan makasa na gaskiya, kuma su suka rushe mini hoton da finafinai suka cusa wa kowa. A 2005 FBI, hukumar binciken manyan laifuka ta Amurka, ta tara masana a birnin San Antonio, suka amince da cewa mai irin wannan kisa shi ne wanda ya kashe mutum biyu ko fiye a lokuta daban-daban. Rahoton taron ya jero camfe-camfen da aka ɗora wa waɗannan mutane: wai dukkansu kaɗaitattu ne marasa iyali, wai ba sa iya dainawa, wai ko dai mahaukata ne ko masu basirar da ta wuce ta kowa, wai a ransu so suke a kama su. Duk rahoton ya ce ba haka ba ne.

Duba Gary Ridgway, wanda ya amsa laifin kashe mata 48 a jihar Washington a 2003. Kusan shekara 30 ya yi yana fentin manyan motoci a kamfani guda, kuma gwajin ƙwaƙwalwa ya nuna bai kai matsakaicin mutum ba. Abin da ya kare shi tsawon shekaru shi ne irin waɗanda yake zaɓa. Da kansa ya shaida wa kotu cewa mata masu zaman kansu yake nema, domin ya san ba za a yi saurin cigiyarsu ba. Dennis Rader kuma ya kashe mutum 10 a yankin Wichita na jihar Kansas tsakanin 1974 da 1991, sannan ya ci gaba da zamansa da iyali, har ya zama shugaban kwamitin cocinsu. Harold Shipman likita ne a Ingila da marasa lafiya ke ƙauna. A Janairun 2000 aka same shi da laifin kashe mutum 15, binciken da ya biyo baya ya gano sun haura 200, yawancinsu mata tsofaffi. Wa zai tuhumi likita don tsohuwa ta rasu a gidanta?

Saboda haka ban ba malamin tuƙina wata basira ta musamman ba. Ba ya sauraron kiɗan manyan mutane, ba ya barin wa 'yan sanda wasa ƙwaƙwalwa a wurin da ya yi ta'asa. Abin da yake da shi kunne ne. Cikin awa guda a mota mutum yakan faɗi abin da bai faɗa wa danginsa ba, shi kuwa yana lura da wanda ya ce bai san kowa ba a garin, da wadda ta ce rabonta da gida shekara uku.

Daga nan sai maganar ƙuruciya, wadda ita ce ramin da yawancin irin waɗannan littattafai ke faɗawa. A kai mai karatu babi na bakwai, a nuna masa uba mai duka ko uwa mai ƙulle yaro a ɗaki, shi ke nan an biya bashin dalili. Akwai ma alamomi uku da marubuta suka haddace: fitsarin kwance bayan an girma, cinna wuta, da azabtar da dabbobi. Asalinsu wata maƙala ce da likitan ƙwaƙwalwa John Macdonald ya fitar a 1963, kuma mutum 100 da ya nazarta barazanar kisa suka yi, ba kisan ba. Binciken baya bai tabbatar da cewa haɗuwar ukun na nuna wanda zai zama makashi ba. Ni abin da ya fi damuna da wannan dabara shi ne rashin adalcinta: miliyoyin mutane sun sha wuya suna yara, ba su kashe ko kiyashi ba. Don haka na ba taurarona ƙane, gida ɗaya, uba ɗaya, bulala ɗaya, wanda ya girma ya zama mutumin kirki mai yawan dariya. Ƙuruciyar tana cikin littafin, amma sau uku yake ba da labarinta, kowane karo da ɗan bambanci, gwargwadon wanda yake son ya ji tausayinsa. A karo na uku mai karatu ya gane cewa makami ce a hannunsa.

Inda aikin ya fi ci mini lokaci shi ne muryarsa, kuma nan ne na yarda sarƙaƙiyar irin wannan tauraro take. Tana cikin tazarar da ke tsakanin abin da yake faɗa da abin da mai karatu ke gani ta gefen maganarsa. Masana halayyar jama'a biyu, Gresham Sykes da David Matza, sun bayyana a 1957 hanyoyi biyar da mai laifi ke bi ya kwantar wa kansa da hankali: ya ce ba yin kansa ba ne, ya ce babu wanda ya cutu, ya ce wanda aka cuta shi ya jawo, ya zargi masu zarginsa, ko ya ce wani abu mafi girma yake wa biyayya. Kan yara masu ƙananan laifuka suka yi nazarin, amma na ɗauki biyar ɗin na manna a gaban teburina. Taurarona hanya ta uku ya fi riƙewa. A ganinsa duniya cike take da masu sakaci, shi kaɗai ke duba madubi kafin ya sha kwana.

Nahawu ma ya yi mini aiki. Ted Bundy, wani makashin ɗauki ɗai-ɗai na Amurka da 'yan jarida suka yi ta hira da shi a kurkuku a 1980, bai buɗe baki kan kashe-kashen ba sai da aka ba shi damar ya yi magana kamar kan wani mutum dabam yake hasashe. Rader kuwa a gaban alƙali a 2005 ya riƙa kiran waɗanda ya kashe ayyukansa, cikin muryar mai ba da rahoton ofis. Sai na kafa wa kaina doka. Idan taurarona yana maganar koyarwa, ko gyaran mota, ko kai 'yarsa makaranta, cewa yake "na yi", "na ce", "na gyara". Da zarar an zo daren kisa sai ya koma "aka tsaya", "aka kashe fitila", "abin ya faru". Ban taɓa nuna wannan da yatsa ba a cikin littafin. Wata da ta karanta mini daftarin ta ce tsigar jikinta takan tashi a wasu shafuka ba ta san dalili ba, sai a karatu na biyu ta gano. Na ji daɗin hakan fiye da duk wani yabo.

Matsalar da wannan murya ta haifar babba ce. Idan komai ta idonsa ake gani, kuma shi ba ya ganin mutane a matsayin mutane, to waɗanda ya kashe za su zama gawawwaki marasa fuska, littafin ya koma yi musu abin da shi ya yi musu. Mafitar da na samu ita ce in bar su su yi magana, shi kuma ya kasa ji. Ga yadda wani shafi ya kasance. Wata ɗaliba, ma'aikaciyar jinya mai aikin dare, tana tuƙi tana gaya masa dalilin da ya sa take son lasisi: mahaifiyarta na zuwa wankin ƙoda sau uku a mako, kuma ta gaji da roƙon maƙwabta su kai ta. Tana maganar muryarta na rawa, har ta yi ƙoƙarin mayar da abin raha. Duk wannan yana kan takarda kalma bayan kalma, domin shi mai riƙe magana ne. Amma tsakanin jimlolinta abin da yake faɗa wa mai karatu shi ne: karo na huɗu ke nan ba ta duba madubin gefe ba, hannunta na hagu ya sauka daga sitiyari, ta taka kuloci da wuri. Da ta gama sai ya ce mata, "Ki sa sigina." Mai karatu ya san wannan mata cikin shafi biyu, ya san wadda za ta zauna jiran ta ranar Laraba. Shi bai san komai ba sai kurakuranta.

Editana ya so in ƙara masa abin da zai sa a ƙaunace shi, misali ya riƙa kashe miyagu kawai. Na ƙi. Wannan hanya ce ta sayen mai karatu da araha, a ba shi izinin jin daɗin kisa ba tare da ya ji nauyin komai ba. Mai karatu ba ya buƙatar ƙaunar tauraro kafin ya bi shi. Ya isa a ce tauraron yana son wani abu ƙwarai, ya iya aikinsa, kuma akwai abin da zai iya rasawa. Abin da na ba shi 'yarsa ce. Akwai daren da zazzaɓi ya rufe ta, ya kwana a gefen gadonta yana auna zafin jikinta kowane rabin awa yana rubutawa a bayan takardar rasit, layi-layi, da lokacin kowanne. Ƙauna ce, ko kuwa kula da kaya ce irin wadda yake yi wa motarsa? Ni da na rubuta ban yanke ba, kuma da gangan na bar shi haka. Abin da na tabbatar kawai shi ne yarinyar ta tashi da safe ta ga babanta a wurin, kuma wannan gaskiya ce da za ta rayu da ita bayan komai ya fito fili.

Sai tambayar da duk mai koyar da rubutu zai yi: ina canjin tauraro? An saba mutum ya shiga labari a wani hali ya fita a wani. Irin wannan mutum ba ya tuba, kuma in na sa shi kuka a babin ƙarshe na yi ƙarya. Abin da ke canjawa shi ne labarin da yake ba kansa, wanda ke ta yagewa. Kisa na farko ya ba shi natsuwar wata da watanni, na biyar ko mako bai kai ba. Dokokin da ya kafa wa kansa, kamar kada ya taɓa ɗalibin da sunansa ke cikin rajistar makaranta, shi da kansa ya fara karya su, kowane karo da sabon uzuri. Rahoton FBI ɗin nan ya faɗi abin da na gina wannan sashe a kai: ba so suke a kama su ba, gani suke ba za a iya ba. Ga kuma son a sani. Rader ya yi shiru shekaru, sai a 2004 ya dawo aika wasiƙu bayan wata jarida ta tuna da kashe-kashen. Har ya tambayi 'yan sanda ko za a iya gano shi idan ya aiko da faifan kwamfuta, suka amsa masa ta tallar jarida cewa babu komai, ya aika. A cikin faifan aka sami sunan cocinsu da sunansa na farko. Bayan an kama shi ya nuna jin haushin cewa ɗan sandan ya yi masa ƙarya. Da ni na ƙirƙiro wannan a littafi, edita zai ce ya yi yawa. Shipman ma wasiyyar bogi ce ta tona shi, wadda aka buga da tafiretarsa da sunan wata mata da ya kashe, ga shi 'yar matar lauya ce.

Game da jini, kaɗan na nuna. Dalili na farko, ba na son littafina ya zama jagorar aiki ga kowa. Na biyu, na lura duk inda na tsawaita bayanin kisa, shafin yakan koma gefensa, ya ba shi girman da yake nema. Kisa ɗaya kawai aka gani daga farko zuwa ƙarshe, kuma na yi shi da ƙazanta da ruɗewa da tsawon da ya gundure shi shi kansa. Sauran biyar ta abin da suka bari aka san su: awa guda da ta zama babu kowa a jadawalinsa na Laraba, wayar da ke ta ƙara a ofis ana tambaya.

Zama cikin kan irin wannan mutum yana da nasa tasiri. Akwai lokacin da na riƙa jin kunnena na tsinto irin abin da shi yake tsinta a hirar mutane, wane ne ke zaune shi kaɗai, wace ce ba a jiran ta. Daga nan na daina rubuta babobinsa a jere. In na yi ɗaya, sai in rubuta shafukan da ba za su shiga littafin ba, na rayuwar ɗaya daga cikin mutum shidan, ranar da ba ta da alaƙa da shi.

Daga waɗannan shafuka babin ƙarshe ya fito. Na karɓe bakin daga hannunsa na ba matarsa, wadda ta yi shekara 19 tana wanke masa kaya, take kuma amsa tambayoyin mai bincike kan ranaku da awoyi. Shi ana jin sa sau ɗaya kawai a babin, ta wasiƙar da ya aiko mata daga kurkuku, shafi huɗu. Bai ambaci ko ɗaya daga cikin shidan ba. Ya tuna mata lokacin canjin man mota, sannan ya nemi ta rubuta wa wata jarida ta gyara kuskure, domin sun ce shekara 15 ya yi yana koyarwa alhali 18 ne. Editana har yanzu yana ganin kamata ya yi a bar shi ya rufe labarinsa da bakinsa, tunda shi ya buɗe. A haka littafin ya tafi wurin bugu, da babin matar.