Yadda ake haɗa mari a fim ɗin kaboyin Italiya

Dattawan Kano da suka yi zamanin silimar Plaza da Eldorado sun san fim ɗin kaboyi, amma ba kowa ya san cewa da yawansu ba a Amurka aka yi su ba. 'Yan Italiya ne suka yi, wasu a hamadar Almeriya ta Sifen, wasu a tsaunukan da ke kusa da Rum. Da farko harbi ne da jini. A 1970 darakta Enzo Barboni ya fito da fim ɗin They Call Me Trinity, ya haɗa jarumai Terence Hill da Bud Spencer, ya mayar da bindiga gefe, mari da naushi suka karɓi fage. Kashi na biyu, a 1971, ya fi na farko ciniki.

Dukan nan shi ne abin koyo ga masu fim ɗin barkwanci a garin nan, domin ba ya cin kuɗi.

Hannu ba ya taɓa fuska. Ana ajiye kyamara a bayan kafaɗar mai duka ko ta wanda za a daka, hannun ya wuce kamar taƙi guda daga kunci, kusurwar ta ɓoye tazarar. Ka ɗauka daga gefe, asiri ya tonu. Nauyin aikin kuma yana kan mai shan marin: shi zai fizge kai daidai lokacin da hannun ya gifta. In ya riga, mai kallo ya gane shiri ne. In ya makara, marin ya mutu. Nan ne yawancin namu ke faɗuwa, saboda ba a maimaita gwaji a hankali kafin a kunna kyamara.

Sai sauri. Fim yana tafiya da hoto 24 a daƙiƙa. Idan aka ɗauka da 20 aka haska da 24, motsi ya ƙaru da kashi 20 cikin ɗari, shi ya sa hannun Hill yake kamar walƙiya. A kwamfuta yau abu ne mai sauƙi, amma kada a zarce haka, sai ya koma katun.

Ƙarar kuwa duk a situdiyo ake sa ta. A wancan zamanin Italiyawa ba sa naɗar murya a wurin ɗauka, daga baya suke ɗora komai, har maganar jarumai. Dole ƙarar ta faɗa kan hoton da hannu ya iso, ko da hoto biyu ta makara kunne zai ji. Kujerun da ake karyawa a gadon baya na icen balsa ne marar nauyi, don Allah kada wani ya gwada da bencin kafinta.

Ku lura da fuskar Spencer sa'ad da yake sauke dunƙule a tsakar kan mutum: ba ya dariya, a gajiye yake, kamar wanda aka tasa daga barcin rana. Jarumin da ya yi murmushi a nan ya riga 'yan kallo dariya, su kuma sai su fasa.