Laraba, wata na uku a Leeds, Ingila

Yau ma da taimama na yi asuba. Tun biyar da rabi idona biyu ina kallon silin, matar da kamfanin masu kula suka turo ya kamata ta zo shida, sai bakwai saura ta shigo tana haki wai bas ce ta ƙi zuwa. Keken guraguna na nan gefen gado, hannuna ma yana taɓa shi, amma tunda kafaɗar nan ta fara ciwo ba na iya hawa ni kaɗai. Allah ya saka wa Umma, dutsen da ta cusa min a jaka ranar da zan taso daga Kano har ina mata dariya, shi ne yanzu kullum a ƙarƙashin filo.

Shan inna ya kama ni ina shekara biyu, kuma wallahi a gida ban taɓa lissafa hannu nawa ke ɗaga ni a rana ba. Autarmu ce ke kai ni banɗaki, ta ɗaure min ɗankwali muna faɗa, in ba ta nan yaran maƙota ma sun isa. Nan kuwa minti arba'in da biyar aka rubuta, wanka da shiri da shayi duk a ciki, tana goge min baya tana duba waya.

Na so in taho da autar ai. Lauyan da wurin aikinmu suka haɗa ni da shi ya ce bizar ma'aikaci miji ko mata da yara 'yan ƙasa da 18 kawai take ɗauka, ƙanwa ba ta ciki. Bizar 'yar aikin gida wata shida ce, ita ma ta masu zuwa ziyara ce. Ta masu kula da marasa lafiya kuma ni ba zan iya ɗaukar nauyin kowa ba sai kamfani mai rajista da CQC, hukumar da ke sa ido kan kamfanonin kula a Ingila, kuma tun Yulin 2025 aka rufe ɗauko sababbi daga waje. Ga fam 1,035 na kowace shekara da na biya na lafiya tun kafin in hau jirgi, wannan likita yake ba ka, ba mai yi maka wanka ba. PIP, kuɗin tallafin gwamnati da naƙasassun nan ke karɓa, kuwa bizata ta haramta min. Access to Work, shirin gwamnati na taimaka wa naƙasassu a wurin aiki, ne suka biya tasi da teburin da ake ɗagawa, amma su iyakarsu aiki, abin da ya faru a ɗakina da asuba ba ruwansu.

Da rana ma'aikaciyar kansil, wato ƙaramar hukumar nan, ta kira ina ofis, na gangara lungun firinta na ɗauka. Ta ce kulawar da suke bayarwa a ƙarƙashin dokar kula da mabuƙata ta 2014 ba ta cikin kuɗin gwamnati da aka hana mu, kuma in za su lissafa abin da zan biya ba sa taɓa albashi, ajiya suke dubawa, sai ta haura fam 23,250 mutum ke biyan komai da kansa. Na ce mata baiwar Allah ajiyata ko kuɗin firji ba ta kai ba. Za ta zo duba ni, yaushe, ta ce akwai layi.

Bayan magariba wadda za ta iya zama da ni ta zo mu ga juna. Babbar mace, 'yar Gana, tana cire takalmi ta ga dadduma sai ta ce "ke Bahausa ce?" Ashe a Zangon Kumasi ta tashi! Hausarta wani iri, komai "ya zo ya tafi" ko mace ce, amma sai da na ji ƙwalla. Na ce Anti zauna mana. Ba ta zauna ba, ta tura keken zuwa ƙofar banɗaki ta ga da ƙyar yake shiga, ta ce in nuna mata yadda nake so a ɗaga ni. Ba wanda ya taɓa tambayata wannan tunda na zo.

Matsalar, dole sai da ɗakinta daban da hutun awa biyu kullum, ni kuma ɗaki ɗaya gare ni, kuɗin sati ya haura fam dubu.

Umma ta kira, na ce komai lafiya. Ta ce muryata ba ta ce haka ba, in dawo gida ko in yi aure, na ce Umma katin zai ƙare, alhali WhatsApp ne. Na tura wa dillalai uku saƙon neman gida mai ɗaki biyu a ƙasa, ɗaya ya amsa wai akwai matakala uku kacal a ƙofa. Gobe wata sabuwa za su turo da safe, ban san ko ta iya ɗaurin ɗankwali ba.