Kafin Ku Kwaikwayi Abin da Kuka Gani a Hoto

Matasa da yawa a Zariya sun rungumi sana'ar ƙawata ɗakuna da ɗaukar hoto, kuma abin farin ciki ne, domin sana'a ce mai rufin asiri. Sai dai duk lokacin da na zauna da ƙannena masu wannan sha'awa suka buɗe mini wayoyinsu, kusan abu ɗaya nake gani, wato hotunan falon otal-otal na Dubai da na gidajen Turkiyya da aka kwaso daga Instagram da Pinterest, an tara su tuli guda ana jiran ranar da za a samu mai kuɗin da zai ce a yi masa irinsu. Ni ma da haka na fara, kuma asarar da na jawo wa kaina da waɗanda suka amince da ni ita ce dalilin wannan rubutu.

Aikin da ya fara buɗe mini ido ɗakin wata amarya ne a Tudun Wada. Na ɗauko tsarin daga hoton wani otal ban sauya komai ba: fararen labule masu jan ƙasa, kujerun karan-miski, kafet mai gashi, baƙin tayil mai sheƙi, sannan na sa aka faɗaɗa tagar da ke fuskantar yamma aka zuba mata gilashi. An gama aikin a ƙarshen damina, 'yan kai amarya suka yi ta yabo. Da hunturu ya kama, ƙura ta bi labulen ta mayar da su ruwan ƙasa, karan-miskin ya riƙe ta ya ƙi saki, tayil ɗin kuwa ko yaro ya taka sai sawunsa ya fito. Da bazara ta shigo, ranar la'asar ta riƙa dukan gilashin har falon ya gagari zama sai bayan isha'i. Gwaggon amaryar ce ta kira ni gefe ta ce, "Ɗana, aikinka ya yi kyau, amma ka yi wa mai leƙowa ne, ka manta da wadda za ta share shi kullum." Ba ni da amsar da zan ba ta, kuma rabin kayan da kuɗina aka sauya su.

Abin da ban sani ba a lokacin shi ne yawan abin da hoto ke ɓoyewa. Masu ɗaukar hoton ɗaki suna amfani da gilashin kyamara mai faɗin gani, wanda ke sa ƙaramin wuri ya zama kamar fili, suna kunna fitilu na musamman, sannan su gyara launi a kwamfuta. Ginin da aka ɗauka kuma a rufe yake ruf, na'urar sanyaya ɗaki ba ta tsayawa, ga ma'aikata masu goge shi safe da yamma. Saboda haka idan hoto ya burge ku, kafin ku adana shi ku tambayi kanku daga ina haske yake shigowa, wane irin yanayi ne a garin, wa ke zama a ciki, kuma yaya wurin zai kasance ranar da babu wuta. Sau da yawa za ku tarar abin da ya ja hankalinku guda ɗaya ne kawai, wataƙila yadda launi biyu suka dace ko yadda aka bar bango ɗaya ba a rataya masa komai ba, kuma wannan kaɗai ya kamata ku ɗauka.

Fenti ma haka yake. Kada ku zaɓi launi daga allon waya. Ku sayi ƙaramin gwangwani ku shafa a bangon ɗakin da kansa, ku duba shi da hantsi, da la'asar, da kuma dare. Ƙwan lantarki mai farin haske, irin wanda ake rubuta wa 6500K a kwali, yana ƙara wa launi shuɗi-shuɗi, ya sa ruwan madara ya koma kamar toka, alhali mai 2700K ko 3000K yana ba da haske mai ɗumi da ke raya ja da ruwan ƙasa. Na taɓa sake fentin falo sukutum saboda rashin sanin wannan.

Game da tafiye-tafiye, na je Kano na ga Gidan Makama da marinar Ƙofar Mata, na je Katsina na tsaya gindin hasumiyar Gobarau, na kuma shiga tsohon birnin Damagaram, amma a duk wuraren nan idona yana kan allon waya ne. Na dawo da hotuna masu yawa, sai dai da wani abokin aiki ya tambaye ni yadda aka ɗora rufin ɗakunan Gidan Makama, ban iya ce masa komai ba, domin ban ɗaga kai na duba da kyau ba. Tun daga nan na koyi tafiya da ƙaramin littafi da fensir. Idan na isa wuri sai na zauna tukuna, in auna faɗinsa da taku, in zana abin da na gani ko da zanen bai yi kyau ba, in rubuta launuka da sunayen da masu wurin ke kiran su, sannan in fito da waya. Hannu ba ya iya zana abin da ido bai fahimta ba, shi ya sa zane ke tilasta mutum ya duba sau biyu.

Ba kuma sai kun tara kuɗin mota ba, domin daga Ƙofar Doka zuwa fadar Sarkin Zazzau akwai abin da zai ishe ku nazari na shekaru. Ku fara da Masallacin Juma'a, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a zamanin Sarki Abdulkarimu, da ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846. Daga waje ginin zamani za ku gani, wanda aka lulluɓe tsohon da shi a shekarun 1970, amma a ciki ginshiƙan ƙasa da bakan gizonsu suna nan. Ku tsaya ƙarƙashin ɗaurin guga, wato rufin da lanƙwasassun bakunan ƙasa ke ɗauke da shi, ku bi layin kowane baka da ido, daga inda ya taso a jikin ginshiƙi har inda ya haɗu da 'yan'uwansa a sama. Azara, wadda ake tsagowa daga giginya kuma gara ba ta cika cinta ba, gajeriya ce, ba ta iya ratsa ɗaki mai faɗi ita kaɗai, don haka magini ke jera ta hawa-hawa a cikin ƙasa, kowace tana ɗan zarce ta ƙasanta, har baka ya rufe. Kyan rufin daga wannan larura ya fito, kuma zanen da ke jikin ginshiƙan bai cika wuri ba, an yi shi inda ido zai sauka an bar sauran fili. Darajar ginin ta kai har an yi kwafinsa a gidan adana gine-ginen gargajiya da ke Jos, amma na girma a garin nan ina sallah a cikinsa ban taɓa lura da ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Bayan nan ku je Wusasa ku ga tsohuwar majami'ar da aka gina da ƙasa a 1929 bisa tsarin ginin Hausa, ku kwatanta yadda hikima ɗaya ta yi aiki a wuri na dabam.

Idan za ku ɗauki hoton zayyanar bango, ku sani inuwa ce ke fito da ita. Bangon da ke kallon gabas, da sassafe rana tana dukansa gaba da gaba, sai zanen ya shafe kamar babu shi, amma da hantsi ya ɗaga, haske ya riƙa zuwa a karkace, kowane layi zai fito da inuwarsa. Lokacin hazo kuma launuka suna dusashewa, sararin sama ya yi fari fat, ba lokacin ɗaukar gini ba ne, ko da yake hasken yana da taushi a fuskar mutum.

Akwai kuma ladabi, wanda na koya da kunya. Na taɓa tsayawa gaban wani tsohon zaure a cikin birni ina ta ɗauka, mai gidan yana zaune a dakali ban ko yi masa sallama ba. Ya bari na gama, sannan ya ce, "Samari, gidan nan da mutane a ciki." Ku yi sallama, ku durƙusa ku gaida dattijo, ku faɗi ko ku 'ya'yan wane ne da abin da ya kawo ku, kada ku wuce zaure sai an ce ku shigo, kada kuma ku ɗauki mata da yara ba da izini ba. Wanda ya bi wannan hanya yakan samu fiye da hoto, domin mai gida zai gaya masa wanda ya yi ginin da shekarar da aka sake yaɓe.

Abin da ya fi ci mini rai har yau a gidanmu ya faru. Zaurenmu yana da tsohuwar zayyana a saman ƙofa, ga zankwaye a kusurwoyin soro, ni kuwa a lokacin ina ganinsu alamar ci baya ce. Na matsa wa iyayena har suka yarda aka kankare aka shafe da siminti, ban ɗauki ko hoto ɗaya ba. Daga baya wani tsohon magini ya bayyana mini cewa siminti ba ya kama jikin ginin ƙasa da kyau, yana tsagewa ruwa ya shiga ta baya ya kasa fita, sai bangon ya ruɓe daga ciki, kuma hakan ce ta faru da namu. Ya ce su makuba suke shafawa, wadda ake samu daga ɓawon 'ya'yan ɗorawa, suna kuma ƙara kula da bangon gabas saboda daga can hadari ke tasowa, indararo kuwa ana tsawaita shi ne don ruwan soro ya zuba nesa da gindin gini. Duk abin da na ɗauka ado ne kawai, ashe yana da aikin da yake yi.

Ba ina cewa ku rufe ido ga na waje ba ne. A garin nan ne, a 1958, ɗalibai irin su Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya da Demas Nwoko da Yusuf Grillo suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya, a kwalejin da daga baya ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, kuma manufarsu ita ce a koyi dabarun Turawa a haɗa su da fasahar gida. Amma haɗawar tana bukatar tunani. Manna dagin Arewa a kowane bango da kowane silin ba shi ne riƙo da gargajiya ba, kuma ya fara gundurar ido. Ku zauna wurin masu ɗinkin hannu na cikin birni ku ga yadda ake tsara aska takwas a babbar riga, aiki ya taru a ƙirji da aljihu, sauran yadin a bar shi ya huta. Ku dubi yadda masu saƙa faifai ke haɗa ja da kore da baƙi a kan launin kaba, da yadda iyayenmu mata ke yin jere a bango bisa girma da launi. Daga irin waɗannan ne na samo tsarin falon da masu shi suka fi jin daɗin zama a ciki: bango ruwan ƙasa mai haske wanda ƙura ba ta tona masa asiri, labule gajere mai sauƙin wanki, taga ƙarama a yamma da babba a arewa, da bango guda kawai mai ado.

Tsofaffin maginan da suka san ɗaurin guga da haɗa makuba sun ragu ƙwarai, kuma akasarin 'ya'yansu sun koma aikin bulo. Ku neme su a unguwannin cikin birni tun suna da ƙarfin magana, ku je da goronku, ku nemi izinin naɗar bayaninsu a waya, idan kuma kuka samu aikin da ya shafi tsohon gini ku ɗauke su a matsayin masu ba da shawara, ku biya su haƙƙinsu kamar yadda za ku biya injiniya.