Kan sarkin da ba ya ɗauke da sunan ƙasa

Sana'ata sayen tsofaffin kan sarki da sayar da su, a wani ɗan shago da nake haɗawa da tsofaffin kuɗi. Yawancin kayan daga gidajen tsofaffin ma'aikata suke zuwa, 'yan reluwe da malaman makaranta, idan magada sun buɗe akwatin ƙarfe suka tarar da wasiƙu. Masu saye kuwa 'yan kaɗan ne, amma sun san abin da suke nema.

Abin da na fara koya wa yaron shagona shi ne rarrabewa ƙasa-ƙasa. Na ce masa duk wanda ya juya bai ga sunan ƙasa ba, sai kan sarki ko na sarauniya, ya ajiye a tiren Ingila. Su suka fara abin, a watan Mayun 1840, bisa shawarar wani ɗan ƙasar mai suna Rowland Hill. Kafin nan galibi wanda aka aiko wa wasiƙa shi ke biya, kuɗin kuma na da yawa, har wasu su ƙi karɓa. Hill ya ce mai aikawa ya biya kwabo ɗaya tun farko. Da yake babu wata ƙasa mai irinsa, ba a ga dalilin rubuta suna ba, fuskar Sarauniya Victoria ta wadatar. Har yau haka suke, na Sarki Charles da ya fito a 2023 ma babu suna. Ƙasashen da suka mulka kam an rubuta musu, shi ya sa namu na Arewa na 1900 ke ɗauke da Victoria da sunan Northern Nigeria.

Wancan na farko, baƙi na kwabo ɗaya da ake kira Penny Black, shi ne ke jawo mini doguwar magana da mutane. Wani zai ji labarinsa ya ɗauka duk mai shi ya yi arziki. Ina! An buga sama da miliyan 68, kuma da yawa sun tsira. Abin da ke sa kuɗi shi ne lafiyarsa. Ba a huda gefensa ba, sai a 1854 aka fara hudawa, don haka da almakashi ma'aikacin gidan waya ke yanka shi daga falle mai guda 240. Layi ɗaya sule, fallen duka fam. Mai yanka in yana sauri sai ya ci cikin hoton. To, wanda ya fito da farin gefe a duk ɓangarori huɗu, shi masu saye ke rububi. Nakan ɗora shi a kan baƙar takarda, in kama da hantsaki, in duba haruffa biyun da ke kusurwoyin ƙasa, waɗanda ke nuna gurbinsa a falle, sannan in duba jan hatimin da aka soke shi da shi. Wannan jan tawadar ce ma ta kashe shi: ba ta fitowa sosai a kan baƙi, kuma ana iya goge ta a sake amfani da shi. A 1841 aka koma buga kan sarkin ja, hatimi ya zama baƙi.

Aikin da ya fi cin rai shi ne hana mutane gyara. Sai a kawo mini tarin da aka ɓamɓare daga ambulan da farce, ko aka jiƙa a ruwa don ya yi tsabta. Na Ingila na 1883, masu launin kore, ruwa na taɓa su launin ya zube, da gangan aka yi tawadar haka don hana maguɗi. Ni dai abin da nake cewa: Alhaji, kawo shi yadda ka same shi, da ambulan ɗinsa. Sau da yawa hatimin garin da kwanan watan sun fi kan sarkin kansa daraja.

Sai damina, lokacin da danshi ke manne su da juna. Nan kam kullum sai mun buɗe kundayen sun sha iska, mu canza takardar da ke tsakani.