Godiya Bayan Buɗe Tsohon Shagon Baba

Assalamu alaikum. Alhamdulillahi, ranar Asabar ɗin da ta wuce muka buɗe ƙofa. Shagon marigayi Baba da ke kan hanyar kasuwar Kurmi, wanda ya yi shekara 11 a garƙame, yau ya zama wurin baje zane-zane da koya wa yara aikin hannu. Tun daren nake son in rubuto godiya, gajiya ta hana sai yau.

Ranar da muka fasa kwaɗo, sai da jikina ya yi sanyi. Gara ta cinye azara uku, jemagu sun mayar da ɗakin ciki gidansu, bangon gabas kuwa ya sha ruwa har ya yi ciki. Kusan duk wanda ya leƙo cewa yake a rushe a sa bulo, a huta.

Shi ya sa zan fara da Baba magini. Dattijon nan ya daɗe yana shafa bangon da tafin hannunsa, sannan ya juyo ya ce, "Ɗana, ginin nan bai mutu ba, kulawa ya rasa. Ka yaɓa masa siminti, damina biyu zai tofar da shi." Shi ya sauya azarar, ya yi yaɓe da makuba, wato jiƙon ɓawon ɗorawa, ya gyara bakin indararo. Da aka zo kan rufi ya ce sai laso, yaɓen da ke hana ruwa shiga, irin na da: katsi (abin da ke kwantawa a ƙasan ramin rini) da gashin jima (gashin da majema ke cirewa daga fata) da dafara (wani tsiro mai yauƙi). Ni da na yi karatun zane a Zariya, a littafi kawai na san wannan haɗin, sai ga shi ana kwaɓa shi a gabana. Baba magini, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana.

Masu rini na Ƙofar Mata, ku kuka ba mu katsin, na miƙa kuɗi kuka ce in mayar aljihu. Ban manta ba.

Sai daren nan na watan Agusta, da ruwa ya sauko rufi bai gama ba. Kafin in iso, maƙwabta sun riga sun hau da tamfol da buhuna. Na tarar da mai shayin bakin layi, wandonsa a naɗe har gwiwa, yana kwarfar ruwa da bokitin sana'arsa. Wallahi da ba don ku ba, da aikin wata huɗu ya narke a daren.

Inna, ke kika ɗauki adashinki kika damƙa min lokacin da kuɗi suka yanke, ba ki ko tambaye ni yaushe zan biya ba. Yaya, kai ka ƙi yarda a yar da kantar da Baba ke auna yadi a kai, ka kankare ta ka mayar da ita teburin aiki. Alamar awon yadin tana nan a gefenta, kuma ranar buɗewa a kanta yara suka fara jan fensir. Ɗalibaina da suka zana dagi a saman ƙofa, da duk wanda ya zo da ƙafarsa ko ya yi mana addu'a daga nesa, Allah ya saka da alheri, ya bar zumunci.

Ajin yara zai riƙa zama Asabar da Lahadi da safe, ku turo mana su. Wanda kuma ya shigo ya ga kantar nan, don Allah ya sa Baba a addu'a. Allah ya jiƙansa, ya sa Aljanna ce makomarsa.