Wata Huɗu Ina Buga Golf a Tsakiyar Falo

Na'urar Wii, ta wasannin bidiyo da ake haɗawa da talabijin, ta shigo gidana ne ta hannun ƙanina, wanda ya dawo da ita daga Ingila bayan ya kammala karatunsa, kuma a lokacin ta riga ta kwana biyu, domin tun ƙarshen shekarar 2006 kamfanin Nintendo na ƙasar Japan ya fitar da ita kasuwa. Saboda yara ya kawo ta, tare da rimot biyu da faifai biyu, Wii Sports da Wii Sports Resort. Yara suka rungumi tanis da dambe, ni kuwa sai hankalina ya karkata ga golf, wasan da wasu ke kira ƙwallon lambu, alhali ban taɓa riƙe sandarsa ba, iyakar sanina da shi kawai hangen filinsa daga cikin mota a nan Kaduna.

Dokar wasan ba ta da wuyar fahimta. Ana buga ƙaramar ƙwallo da sanda daga wuri mai nisa har ta faɗa rami, kuma wanda ya yi bugu mafi ƙaranci shi ne ya ci. Kowane rami yana da ƙa'idarsa, bugu uku ko huɗu ko biyar, gwargwadon nisansa. A Wii Sports ramuka 9 ne, waɗanda aka sake ginawa daga tsohon wasan golf da kamfanin ya fitar a 1984, inda ake auna ƙarfin bugu da danna maɓalli. A nan kuwa mutum zai miƙe tsaye, ya riƙe rimot da hannu biyu kansa yana kallon ƙasa, ya danne maɓallin A, ya ja hannu baya sannan ya kaɗo shi gaba kamar mai riƙe da sandar gaske.

Daren farko na yi abin da na ɗauka shi ne daidai, wato na tattara ƙarfina duka na zuba a bugu guda. Ma'aunin ƙarfi da ke gefen allo ya cika ya wuce iyaka, ya riƙa karkarwa, ƙwallo kuma ta bar hanya ta shige cikin itatuwa. Na sake, ta faɗa ruwa, aka ƙara mini bugu ɗaya a matsayin hukunci. Ƙanina da ke zaune yana kallo ya ce, "Yaya, ba itace kake faskarewa ba, sassauta hannu." Ban karɓi maganar nan take ba, domin a ganina nisa da ƙarfi ake samun sa. Sai da na yi mako guda ina kammala ramuka tara da bugu goma sha wani abu sama da ƙa'ida kafin na zauna na nemi sanin abin da rimot ɗin yake ji a zahiri.

A cikin rimot akwai wata 'yar na'ura mai auna yadda saurin motsi yake ƙaruwa ko raguwa ta fuskoki uku. Ba ta san kaurin damtse ba, ba ta san nauyin mai bugu ba, saurin da rimot ya yi kawai take kai wa wasan, shi kuma wasan yana da iyakar da ya yanka. Duk abin da ya haura wannan iyaka ba ya ƙara ko yadi ɗaya, sai dai ya karkatar da ƙwallo hagu ko dama ba tare da mai bugu ya zaɓa ba. Akwai ɗigo-ɗigo a jikin ma'aunin waɗanda suka yi daidai da ɗigon da ke kan layin taswirar ramin, ta yadda idan ana son ƙwallo ta sauka a ɗigo na uku, to a nan ake son ma'aunin ya tsaya. Da na gane haka sai aikin ya koma neman rabin ƙarfi da kashi uku cikin huɗu na ƙarfi, kuma wannan ya fi cika ma'auni wuya nesa ba kusa ba, domin hannu ba shi da lamba a jikinsa da za a duba. Abin da ya cece ni shi ne bugun gwaji. Muddin ba a danne maɓalli ba, ana iya kaɗa hannu sau nawa aka ga dama ana kallon inda ma'auni ya tsaya, don haka na ɗora wa kaina dokar kada in taɓa ƙwallo sai na sami awon da nake so sau uku a jere.

Ana cikin haka babban ɗana ya gano wata hanya. Yana kishingiɗe a kan kujera sai ya ɗan fizgi wuyan hannunsa, ma'auni ya cika, ƙwallo ta tafi nisan da ni sai na miƙe na juya kafaɗa nake samu. "Abba, ka ga ba sai an tashi ba," in ji shi. Gaskiya ya faɗa, tunda na'urar sauri take aunawa, kuma fizgar wuyan hannu sauri ce. Na gwada kwana biyu na daina. Dalili na farko shi ne fizga ba ta da tsaka-tsaki, ko ta cika ma'auni ko ta gaza, don haka da zarar an kusanci tutar da ke nuna rami sai lissafi ya watse. Dalili na biyu ya fi damuna: idan a zaune zan yi, to maɓalli ya fi rimot gaskiya, kuma babu amfanin kawar da teburin falo. Ban hana shi hanyarsa ba, amma na ce duk ranar da za mu kara da juna, a tsaye za a yi.

Tsayuwar ma tana da nata haɗarin. Wata rana na ja hannu baya ban waiwaya ba, ashe 'yar autarmu ta zagayo ta bayana da kofi a hannu, rimot ya wuce dab da kunnenta har ya taɓa ɗankwalinta. Laifina ne, kuma jikina ya daɗe yana rawa. Tun daga ranar muka shimfiɗa tabarma a tsakiyar falo nesa da fankar sama, mai bugu ne kaɗai yake hawa, sauran kowa yana zaune har sai ya sauko. Igiyar da ake ɗaurawa a wuyan hannu ita ma ta zama wajibi, musamman da zafi ya shigo tafin hannu ya fara gumi. Ba sabuwar matsala ba ce, domin tun a watan Disamba na 2006, da labarai suka yawaita na rimot da ya kuɓuce ya fasa talabijin, kamfanin ya sanar da musanya igiyoyin farko da masu kauri.

Inda na fi daɗewa ina fama shi ne kan lallausar ciyawar da ke kewaye da rami, wurin da ake gangara ƙwallo a ƙasa da gajeriyar sanda. A can ne bugun yadi biyu yake daidai da bugun yadi ɗari biyu a lissafi, kuma a can na fi zubar da maki. Motsin da ake bukata ƙanƙane ne ƙwarai, har wani lokaci na'urar ba ta jin sa, sai mutum ya ƙosa ya ƙara sauri, ƙwallo ta wuce rami ta gangara can ƙasa, a dawo ana neman bugu biyu inda ɗaya ya isa. Na koyi kafe wuyan hannu gaba ɗaya, in bar kafaɗu su yi lilo da hannuwan kamar abu guda, in kuma ja baya daidai gwargwadon yadda zan tura gaba. Na koyi danna maɓallin 1 domin ganin tudu da kwarin wurin, inda haske da duhun launi suke nuna gangara, sannan in nufi gefen tudu in bar ƙasa ta komo da ƙwallo. Ranar da na fara ganin ƙwallo ta yi baka ta shiga rami daga gefe kamar yadda na ƙiyasta, na tsaya shiru a kan tabarma na ɗan lokaci kafin na miƙa rimot.

Iska kuwa ba ta ɗauke ni lokaci ba, kibiya da lamba suna nuna ta a kusurwar allo, kuma ƙwallon da ta tashi sama sosai ta fi jin ta. Haka doguwar ciyawa da ramin yashi, waɗanda ke datse wani yanki na ma'auni, sun koya mini in haƙura da nisa in fara fitowa fili tukuna.

Bayan wata biyu ina kammala ramuka tara daidai da ƙa'ida, wani lokaci ƙasa da ita, sai na ɗauka na iya. Daga nan muka koma faifai na biyu, Wii Sports Resort na shekarar 2009, mai ramuka 18, wanda ba ya aiki sai an maƙala wa gindin rimot wani ɗan akwati mai suna Wii MotionPlus. Wannan yana auna juyawa, wato ya san ko an murɗa rimot da kuma ta wane gefe. Kafin a fara sai an kifa shi a kan tebur an bar shi ya natsu na 'yan daƙiƙu. A wannan wasan ma'aunin ƙarfi yana lanƙwasa hagu ko dama daidai da murɗar wuyan hannu, kuma nawa ya lanƙwasa dama a bugun farko, da na biyu, da na goma. Na zargi na'urar, na sake kifa ta, na canza batir, na rufe labule saboda hasken rana yana rikita idon rimot da ke neman fitilun sandar da ake ɗorawa a saman talabijin. Babu abin da ya canza.

Matata ce ta warware zancen. Ta ɗauki hoton bidiyo da waya daga bayana, muka mayar da shi a hankali, sai ga shi ƙarara: a daidai lokacin da hannuwana suke saukowa, tafin hannun damana yana buɗewa sama, fuskar rimot tana juyawa. "Maigida, ai ba na'urar ba ce, dubi hannunka," ta ce. Wata biyu ke nan ina yin haka, tsohon wasan bai da abin da zai gani da shi, ya riƙa ba ni maki a kan kuskure har kuskuren ya zauna a jikina. Wannan ya fi komai tsaya mini a rai, domin gyara abin da hannu ya saba ya fi koyon sabo wahala. Na rage sauri zuwa rabi, na riƙa lura da inda maɓallan rimot suke fuskanta daga farkon kaɗawa zuwa ƙarshe, ina yin bugun gwaji ashirin kowane dare bayan sallar isha'i ba tare da na taɓa ƙwallo ba. Mako uku aka yi kafin ma'aunin ya fara tsayawa sak, kuma har yau idan na gaji ko na ƙagu, dama yake komawa. Sau ɗaya na kai rami na goma sha shida ina bugu biyu ƙasa da ƙa'ida aka ɗauke wuta, zagayen ya tafi gaba ɗaya, amma washegari hannun bai manta ba.

A ƙarshen wata na huɗu wani abokin aikina da ke buga golf na gaske ya gayyace ni filinsu da sassafe, ya miƙa mini sandar ƙarfe. Nauyin kan sandar ne ya fara ba ni mamaki, domin yana jan hannu ta hanyar da rimot ba ya yi, ga ƙasa da ake iya sara, ga ƙwallon da ake iya kuskurewa ɗungurungum, abin da ba ya faruwa a falo. Ramin kansa, mai faɗin santimita 10.8, ya yi mini ƙanƙanta fiye da yadda allo yake nuna shi. Bugu huɗu na farko ƙasa na tona, na biyar ya sami ƙwallo, ta tashi ta yi tafiya mai ɗan dama sannan ta lanƙwasa ta nufi dama. Abokina ya matso ya kama wuyan hannuna ya ce, "Malam, hannunka na dama yana buɗewa wajen saukowa." Na ce masa na sani, na gyara riƙo yadda na saba yi a kan tabarma, na roƙe shi ya ajiye mini wata ƙwallon.