Waken da Turai ta ƙi, mu muke cinye shi

Ranar Asabar ɗin da ta wuce na leƙa Dawanau wajen Kawuna, dama na daɗe ban je ba har ya fara aiko min da gori ta bakin Umma wai tunda na fara aikin ofis na manta hanyar kasuwa. Na tarar da shi a bakin sito ana sauke wake daga tirela, 'yan dako sai kai-komo suke gumi na zuba, shi kuma yana kan benci da 'yar rediyonsa a kunne. Ko gaisawa ba mu gama ba ya ce min, "Kai ɗan boko zo nan, wai da gaske ne Turawa sun ba da kuɗi saboda wake da riɗi? To ina namu kason, ko an cinye a Abuja?"

Dariya na yi na ce Kawu ai ba irin kuɗin da ake rabawa a ambulan ba ne. Ya ce to in ba a rabawa meye amfaninsa. Wallahi tambayar nan ta tsaya min a rai har na dawo gida, shi yasa na ce bari dai in zauna in rubuta.

Abin da ya ji a rediyo gaskiya ne. Akwai wani asusu da ake ce wa STDF, ofishinsa na cikin hedikwatar hukumar kasuwanci ta duniya WTO a Janiba, hukumomi biyar ne suka haɗu suka kafa shi, hukumar abinci da noma FAO da hukumar lafiya WHO da Bankin Duniya da ita WTO ɗin da kuma hukumar lafiyar dabbobi ta duniya. Aikinsa kawai taimaka wa ƙasashe masu tasowa su iya cika sharuɗɗan tsabtar abinci da lafiyar tsirrai da dabbobi, don kayansu su daina maƙalewa a bakin iyakar wasu. Idan ƙasa na da shawara amma ba ta iya tsara ta a takarda ba ana iya ba ta har dala dubu 50 ta ɗauki ƙwararru su rubuta mata, in kuma aikin ne gaba ɗaya to yawanci ba ya wuce dala miliyan 1, kuma ba kyauta ce zalla ba, dole mai karɓa ma ya sa nasa hannun, ƙasashe mafi talauci irin Nijar aƙalla kashi 10 cikin ɗari, irin Najeriya kuma kashi 20. A watan Maris na 2024 Ngozi Okonjo-Iweala, wadda ke shugabantar WTO tun 2021, ta zo Abuja aka ƙaddamar da wani shiri na wajen dala miliyan 1.2 a kan riɗi da wake, tare da hukumar NEPC mai kula da fitar da kaya waje. To wannan ne Kawu ya ji ƙamshinsa.

Me yasa wake? Saboda a watan Yuni na 2015 Tarayyar Turai ta rufe wa busasshen waken Najeriya ƙofa. Dalili maganin ƙwari ne mai suna dichlorvos, wanda shi ne dai cikin fiya-fiyar nan da muke fesa wa sauro da kyankyaso. Su a dokarsu kar ya wuce miligiram 0.01 a kowane kilo, namu da suka auna sun tarar daga 0.03 har zuwa 4.6, ka lissafa da kanka, na ƙarshen nan ya ninka abin da suka yarda da shi sau 460. Da farko shekara ɗaya suka ce, da ta cika suka ga ba abin da ya canja sai suka ƙara shekara 3, bayan nan ma aka sake ƙarawa. Mu ne fa kan gaba a noman wake a duk duniya, Nijar na bi mana, amma kwano ɗaya ba a yarda mu kai musu ba. Zoɓo ma ya taɓa shan irin wannan, Meziko ta dakatar da sayen namu saboda wani ƙwaron sito da aka gani a ciki, mutanen Jigawa da ke kai kaya Maigatari ba za su manta da yadda farashi ya zube ba a lokacin.

Na karanto wa Kawu duk wannan a waya, ya yi shiru sannan ya ce, "To su Turawan sun san yadda ƙwaro ke yi wa wake a watan zafi?" Ya tashi ya ja ni ciki, ya soka ƙarfen nan da ake ɗebo samfur da shi a wani tsohon buhu ya zazzage min a tafin hannu, rabin ƙwayoyin duk huji, gari na bin yatsuna, 'yan ƙwari baƙaƙe suna ta gudu. Ya ce wannan ragowar bara ne da yaro ya manta bai sa wa magani ba, ko rabin kuɗi ba wanda zai saya. Ka ga shi ɗan kasuwa ba mugunta ce ke sa shi zuba magani ba, tsoron asara ne, manomi ya fesa nasa a gona, dillalin ƙauye ya ƙara, mai sito ya ƙara, wanda ya saya zai kai Legas ko Anacha shi ma don kar a yi ba shi ya ƙara, kowa na ganin shi kaɗai ne ya sa. Kuma ba wanda ke aunawa, da murfin kwalba da ido ake yi.

Ni a nan nake ganin matsalar irin wannan tallafi take. Ba wai ina cewa banza ba ne, a'a, akwai abubuwan da ba yadda za a yi Kawu ya yi da kansa, ba zai gina ɗakin gwaji ba, ba zai buga satifiket ɗin da kwastan na Japan ko Holan za su yarda da shi ba, wannan aikin gwamnati ne da hukumomi irin su NAFDAC da NAQS mai duba lafiyar kayan gona masu shiga da fita, kuma kuɗin waje na iya taimakawa a horar da ma'aikata a tsara yadda za a bi sawun kowane buhu daga gona har kwantena. Amma dala miliyan 1.2 a ƙasa irin wannan ai cikin cokali ne, ni ina kyautata zaton akwai Alhazan da ke juya fiye da haka a kaka ɗaya a cikin Dawanau ɗin nan. In aka ce ɗan wannan ma zai ƙare a otal to shikenan an yi ba a yi ba.

Na taɓa raka wani abokina irin wannan taron bita shekarun baya, ba na wannan shirin ba ne, wata ƙungiya ce dai ta shirya a kan adana hatsi. Ɗaki mai sanyi, ruwan gora, kowa da 'yar jakarsa da biro, aka yi ta nuna hotuna a bango ana Turanci tun safe har la'asar, manoman da aka gayyato su huɗu ne suna can baya suna gyangyaɗi, da aka tashi kowa ya sa hannu ya karɓi kuɗin mota. Yaron da ke riƙe da famfon feshi a sito, wanda shi ne ainihin mai yanke hukuncin yawan gubar da za ta shiga wake, ba wanda ma ya tuna akwai shi.

Alhali maganin abin na nan a kasuwa. Buhun PICS ɗin nan da jami'ar Purdue ta Amurka ta ƙirƙiro, mai leda biyu a ciki da buhu a waje, ka zuba busasshen wake ka matse iska ka ɗaure kowace leda daban, ƙwaron da ke ciki numfashi zai gagare shi ya mutu ba tare da ɗigon magani ba. Kawu ya san shi sarai. Kukansa biyu ne, ya fi buhun da aka saba tsada nesa ba kusa ba kuma mai saye ba ya ƙara ko kwabo don an ce masa wannan ba magani, sannan duk wanda ya zo saye sai ya ce sai ya soka ƙarfe ya gani, da an huda leda kuwa aiki ya ɓaci. Ka ji fa, wannan 'yar maganar ta sokar buhu ban taɓa jin an ambace ta a wani taro ba, amma ita ce ke hana mutane da yawa amfani da shi. Da ni ke rabon kuɗin nan da a nan zan fara, a sassauta kuɗin buhu, a samu mai sayen da zai biya ƙari a kan wake mai tsabta, a ajiye wurin gwaji a cikin kasuwa inda za ka kai samfur da safe ka ji sakamako kafin mota ta tashi, a kuma yi bayanin da Hausa a bakin sito.

Abin da ya fi ci min tuwo a ƙwarya ma ba Turai ba ce. Waken da suka ce ba sa so ai ba teku aka zuba shi ba, shi ne ƙosan safe, shi ne alala, shi ne garau-garau ɗin da yara ke ci a makaranta, sai dai mu ba wanda ke auna mana. Haka gyaɗa da masara masu fumfuna da ke ɗauke da gubar aflatoxin mai lalata hanta, Turai ta ce gyaɗar ci kar ta wuce maikurogiram 4 a kilo, mu kuwa ɓararriyar da aka tsince ita ake kai wa masu ƙuliƙuli da arha.

Da na zo tafiya Kawu ya ƙwala wa yaronsa kira ya ce a auno min wake kwano biyu in kai wa Umma. Yaron ya nufi sabbin buhunan da aka sauke ɗazu, sai Kawu ya daka masa tsawa, "Kai, ba nan ba! Shiga can ƙurya, jarkar nan mai shuɗin murfi." Ya juyo ya ce min ƙasa-ƙasa, wancan na gida ne, ba a sa masa komai ba.